Hirar bakin ƙofa bayan jarrabawar lissafi

Iyayena makiyaya da ke ruga ko kan burtali da dabbobi, da 'yan kasuwarmu masu kai da komo tsakanin Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, Matamaye da Daura, barkanmu da war haka. Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirinmu na makon jiya. Mun rubuta shi saboda waɗanda ba su kusa da rediyo a ranar, ko batir ya mutu musu ana tsakiyar magana. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Abin da ya jawo maganar waya ce da wani dattijo ya bugo mana. Makiyayi ne, yana kan hanyar komawa arewa da shanu tunda ruwa ya sauka. Ya ce ɗansa da ya bari a gari wajen ƙaninsa yana lakwal ya kira shi da la'asar yana kuka, wai an yi jarrabawar lissafi kuma ya faɗi. Dattijon ya ce shi kam bai ga amfanin ci gaba da zaman yaron a gari ba, gara ya biyo shi daji, da ma hannu bai ishe shi ba. Na ce, Baba, sakamako ya fito ne? Ya ce a'a, ai yau aka yi ta. Na ce to wa ya gaya wa yaron ya faɗi? Ya ce abokansa ne. Da suka fito sun gwada amsoshinsu, tasa ta saɓa da tasu.

Wannan labari ba na gida ɗaya ba ne. Duk shekara idan damina ta kama, yaranmu na Nijar suna zana BEPC da BAC, na Najeriya suna zana WAEC da NECO, kuma ranar lissafi ita ce ranar da wayoyin iyaye suka fi ƙara. Na je bakin ƙofar wata makaranta da na'urar ɗaukar murya a irin wannan rana. Ana buɗe ƙofa suka yi cincirindo a gindin bedi, kowa riƙe da takardar da ya yi gwaji a kai. Wannan ya ce, "Nawa ka samu a ta uku?" Wancan ya ce, "Ɗari da hamsin da huɗu." Wata yarinya ta dafe kai ta ce ita ba haka ta samu ba, shi ke nan ta mutu. Wani dogo yana tsakiya yana ɗaga murya yana raba hukunci kamar alƙali, wai duk wanda bai samu abin da ya samu ba ya je ya nemi sana'a. Kafin rabin awa an gama raba waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, alhali ko ɗaure takardun ba a gama yi ba a ciki.

Ni ma na yi wannan tsayuwa ba da daɗewa ba, don haka ba zan yi wa yaran dariya ba. Amma ku da za ku yanke shawara a kan makomarsu, ya kamata ku san me ya sa abin da aka faɗa a bakin ƙofa ba abin dogaro ba ne. Ku ne kuka fi kowa sanin cewa tayi daban, sallamawa daban.

Abu na farko, amsa ɗaya tana iya sa riga iri-iri. Alhaji, idan ka ce wa abokin cinikinka dala ɗari, shi kuma ya rubuta sefa 500 a littafinsa, kun saɓa ne? Ba ku saɓa ba, dala sefa biyar ce. Idan ka ce jika, ya rubuta 1000, duk kuɗi ɗaya ne. To haka lissafin boko yake. Yaro ɗaya ya rubuta ɗaya bisa biyu, wani ya rubuta 0,5, wani ya ce kashi 50 cikin ɗari, duk rabi suke nufi. Har a rubutun ma akwai bambanci tsakanin ƙasashen biyu: ɗan lakwal a Maradi yana sa waƙafi ya rubuta 2,5, ɗan'uwansa a Katsina yana sa ɗigo ya rubuta 2.5, biyu da rabi ke nan a duka wuraren.

Yarinyar nan da ta dafe kai, na matsa na tambaye ta nawa ta samu. Ta ce 153,86. Tambayar a kan girman fili mai da'ira ce, kamar shingen da ake kewaye garke da shi, daga tsakiya zuwa baki mita bakwai. Akwai wata lamba da ake kira pi da ake aiki da ita a irin wannan lissafi, wadda ba ta da ƙarshe, sai dai a kimanta ta. Wani yana ɗaukar ta 22 bisa 7, wani yana ɗaukar ta 3,14. Mai ta farko zai samu 154 cif, mai ta biyu zai samu 153,86. Hanyarsu ɗaya, kimantawar ce ta bambanta. Idan takarda ta faɗi wadda za a ɗauka, wanda ya ɗauki ɗayar zai rasa ɗan maki a ƙarshe. Idan ba ta faɗa ba, babu wanda ya yi laifi. Amma yarinyar ta riga ta tafi gida da kuka.

Abu na biyu shi ne mafi girma, kuma shi ne iyaye da yawa ba su sani ba. A bakin ƙofa amsar ƙarshe kawai ake gwadawa. Malamin da zai gyara takarda kuwa hanyar da aka bi yake bi, taki bayan taki, yana ba kowane taki makinsa. Bari in kawo misali daga kara. An ce mutum ya sayi rago jika 40 ya sayar jika 50, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Yaro ya cire 40 daga 50 ya samu jika 10, wannan taki ne, yana da makinsa. Ya raba 10 da kuɗin saye, wato 40, ya ninka da ɗari, wannan ma taki ne. Amsa ta fito kashi 25. To a ce wani yaron ya yi takin farko daidai, amma ya raba da kuɗin sayarwa ya samu kashi 20. Amsarsa ba daidai ba ce, gaskiya ne, amma makin takin farko yana aljihunsa. Wani kuma ya jera komai daidai, hannu ya zame masa a rabawar ƙarshe, wannan makin ƙarshen kaɗai zai rasa. Wanda ya leƙa takardar maƙwabci ya rubuta 25 tsurarta ba tare da nuna inda ta fito ba, shi ne zai fi kowa baki a waje, kuma shi ne zai iya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba.

Ku duba yadda takardar lissafi ta WAEC take. Kashi biyu ce. Akwai ta canki-canka, tambaya 50, maki 50, awa ɗaya da rabi. Akwai ta rubutu, awa biyu da rabi, maki 100. A cikin ta rubutun tambaya 13 ce, ana amsa 10: biyar na farko dole ne, makinsu 40, sannan yaro ya zaɓi biyar daga cikin takwas da suka rage, makinsu 60. Jimla 150 ke nan. Kun ga tambaya ɗaya daga cikin na dole wajen maki takwas take ɗauka, amsar ƙarshe kuma ɗan yanki ce daga cikin takwas ɗin. Yaron da ya kwana ba barci saboda amsa biyu sun saɓa da na abokinsa, wataƙila a kan maki uku ko huɗu cikin 150 yake kukan. Makiyayin da ya ƙirga garke da yamma ya ga akuya ɗaya ba ta dawo ba zai damu, amma ba zai ce garke ya ƙare ba. Kuma tunda akwai zaɓi, yara biyu suna iya tsayawa suna musu a kan "tambayar ƙarshe" alhali kowa da wadda ya amsa.

A Nijar ma gyaran haka yake tafiya. Kowace tambaya an yanka ta ƙanana, kowace da makinta, rabi-rabi, ɗaya-ɗaya, har a haɗa 20. Shi ya sa mushe yake ta nanata wa yara su nuna aikinsu, kada su bar fili fari.

Ita kuma canki-canka tana da nata tarkon. Yara suna fitowa suna cewa ta ɗaya B ce, ta biyu D ce. A 2025 hukumar WAEC ta shigo da tsarin jujjuya jerin tambayoyin canki-canka a wasu darussa, har da lissafi da Turanci, don toshe satar amsa. Ma'ana tambaya ta biyar a takardar wannan yaro ba lallai ita ce ta biyar a takardar na kusa da shi ba. Gwada haruffa a irin wannan hali ɓata lokaci ne. A shekarar ma, hukumar ta fara fitar da sakamako ta ce kashi 38 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a gyaran canki-cankar Turanci, ta sake fitarwa, adadin ya koma kusan kashi 63. Idan har sakamakon hukuma ana sake duba shi, ina ga wanda aka yanke a gindin bedi?

Sai dogon nan mai raba hukunci. Kowane aji yana da irinsa, kamar yadda kowace kasuwa take da dillalin da ya fi kowa rantsuwa. Wani lokaci gwani ne da gaske, wani lokaci baki ne kawai. Ko gwanin ma yana kuskure, kuma idan mutum biyar suka bi hanya ɗaya suka faɗa rami ɗaya, yawansu ba ya mayar da ramin hanya. Irin tambayar ragon nan, sau da yawa masu kuskuren sun fi yawa, mai gaskiyar ya tsaya shi kaɗai yana zargin kansa. Ga kuma mantuwa. Yaron da ya yi awanni yana fama da lambobi ba ya tuna duk abin da ya rubuta. Abin da ke takardar gwajinsa ma wani lokaci ya gyara shi wajen kwafewa ya manta.

Yanzu mu zo kan tambayar da wata Hajiya mai sayar da atamfa ta aiko mana. Tana da ɗa a wannan gefe, tana riƙon 'yar ƙanwarta a wancan gefe, ta ce ita lambobin ne suka ruɗa ta. Ɗaya ya ce ya samu 12 yana murna, ɗaya ta ce ta samu 9 tana kuka, bara kuma ɗan maƙwabta ya samu 2 aka yi masa walima. Hajiya, ma'auni biyu ne, kamar tiya da mudu. A Nijar ana auna maki bisa 20, babbar lamba ita ce mai kyau, 10 ita ce rabi. A WAEC da NECO daraja ake bayarwa daga A1 zuwa F9, ƙaramar lamba ita ce mai kyau. A1 ita ce ƙololuwa, B2 da B3 na biye, C4 zuwa C6 kiredit ne, D7 da E8 an tsallake da ƙyar amma ba kiredit, F9 faɗuwa ce. Wanda aka yi wa walima B2 ya samu.

Bambancin bai tsaya nan ba, kuma wannan ya shafi dattijonmu kai tsaye. A Nijar darussa suna ɗaukar juna. Kowane darasi yana da nauyinsa, abin da yaran ke kira kowefisiyan, ana ninka makin da nauyin, a tara duka, a raba, a fitar da matsakaici, wato mwayen. Wanda ya kai 10 ya ci. Ga misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don a gane, ba na hukuma ba ne. Yaro ya samu 7 a lissafi mai nauyi uku, 21 ke nan. Ya samu 12 a Faransanci mai nauyi uku, 36. Ya samu 13 a wani darasi mai nauyi biyu, 26, da 11 a wani mai nauyi biyu, 22. A tara, 105. A raba da jimlar nauyi, wato 10, ya tashi da 10,5. Yaron nan lissafi ya kayar da shi, amma jarrabawa ya ci. Kamar ɗan kasuwa ne da ya faɗi a buhun albasa ya mayar a wake da barkono. Sai dai nauyin ba ɗaya ba ne ga kowa: a BAC, ɗan sashen C lissafi ya fi yi masa nauyi, sai ɗan sashen D, ɗan sashen A mai karatun adabi nasa ya fi sauƙi. Kuma a BAC ɗin, wanda ya kusa kai 10 bai kai ba ana ba shi dama ta biyu, zagaye na biyu, kafin a rufe maganarsa.

A Najeriya kuwa kowane darasi da igiyarsa. Turanci ba ya ɗaukar lissafi, lissafi ba ya ɗaukar Turanci. Mai son shiga jami'a ana neman kiredit biyar a wajensa, kuma galibin fannoni sai da Turanci da lissafi a ciki. Shi ya sa tsoron lissafi ya fi tsanani a can, kuma tsoron yana da dalili. Amma can ɗin ma ƙofa ba ɗaya ba ce. Mai WAEC a watan Mayu da Yuni yakan zana NECO bayanta. Akwai kuma jarrabawar masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, wato a ɗauki lissafi daga wannan, sauran daga waccan.

Kada a ce na ce duk yaron da ya yi kuka ya ci. A'a. Akwai wanda ya san bai rubuta komai ba, ya zauna yana kallon rufin aji har aka karɓi takarda. Wannan ba ya buƙatar aboki ya gaya masa. Idan ɗanku ya bugo, ku tambaye shi abu biyu: tambaya nawa ka taɓa, kuma ka nuna aikinka ko amsa kawai ka rubuta? Wanda ya ce ya taɓa mafi yawa kuma ya jera aikinsa, damuwarsa ta bakin ƙofa ce. Wanda ya ce ya bar rabi fari, to ku fara tunanin zagaye na biyu ko sake zama, amma shi ma a jira takarda. Ni a ganina gwada amsa ba laifi ba ne idan an gama jarrabawa duka, aka zauna da malami aka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wannan karatu ne. Wanda ake yi a tsaye cikin rana, ga yunwa ga gajiya, ga wata takarda gobe da safe, shi ne mai ɓarna. Yaro ya koma gida bai ci abinci ba, bai buɗe littafi ba, gobe ya shiga aji da kan da bai yi barci ba. Sai lissafin da bai kayar da shi ba ya ja masa faɗuwa a darasin da ya iya.

Wata ɓarnar kuma a gida take faruwa. Yaro ya ce ya faɗi, uba ya ce to ga shago, ko ga sanda bi shanu. Yarinya ta ce ta faɗi, kafin sakamako ya fito an karɓi gaisuwar masu neman aure. Na san gida-gida ana da dalilai, kuɗin makaranta ba wasa ba ne, kiwo kuma yana son hannu, musamman yanzu da gonaki suka tsira ana tsoron ɓarna. Ba ni da bakin da zan gaya wa iyayena yadda za su tafiyar da gidajensu. Roƙona dai shi ne kada shekara goma ko goma sha biyu na takalmi da littafi da kuɗin tara su tafi a kan maganar yaro ɗan shekara goma sha shida da ya ji daga bakin wani yaron. Yaron ya taya ku aiki a hutu, wannan daidai ne. Amma wanda ke jiran BEPC ko BAC kada a kai shi inda waya ba ta kamawa, domin sakamakon Nijar ba ya daɗewa, a cibiyar jarrabawa ake bayyana shi, kuma idan sunansa ya fito a zagaye na biyu ba a jiran kowa. Na WAEC yakan kai watan Agusta, ta intanet ake dubawa da lambar jarrabawar yaro da lambar sirri. Ku sa ya adana lambobin nan kamar yadda kuke adana takardar allurar dabbobi.

Akwai kuma masu cin kasuwa da wannan tsoro. Kwana biyu bayan jarrabawa sai a ga saƙo ta WhatsApp, ko a kira waya, wai wani yana da hanya a ofis, a turo kuɗi a ɗaga wa yaro maki. Sun san uban da ɗansa ya yi masa kuka a waya yana iya sayar da tunkiya. Kada ku tura ko dala. A Nijar ana rufe sunan yaro a kan takarda kafin ta isa hannun mai gyara, canki-cankar Najeriya kuwa na'ura ce ke karanta ta. Idan yaron ya ci da guminsa, ɗan damfara ya ce aikinsa ne. Idan ya faɗi, wayar ta daina shiga. Haka nan amsoshin da ake yaɗawa a waya da sunan wai su ne na hukuma, ba a san wanda ya rubuta su ba, kuma yara da yawa da su suke auna kansu su shiga damuwa.

Mun sake kiran dattijonmu kafin mu rufe shirin. Da ƙyar muka same shi, sai da ya hau tudu. Na karanta masa tambayoyin nan biyu, ya sa ƙaninsa ya yi wa yaron. Yaron ya ce ya taɓa duka sai ɗaya, kuma ya jera aikinsa yadda mushe ya koya musu. Dattijon ya yi shiru, muna jin kukan maruƙa a bayansa, sannan ya ce to a bar shi a gari har a kira sunaye, ya ɗauki ɗan ƙanwarsa ya riƙe masa sandar kafin nan. Ya ce mu gaya wa yaron ya ci tuwo ya kwanta, gobe akwai wata takardar.